Naira Ɗarin da Kaka Ke Gwada Idonsa da Ita

Ƙofar Guga, Katsina.
Lahadi, 8 ga Nuwamba, 2015.

Zuwa ga Yaya Rahama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Yaya Kabiru da mutanen Malumfashi gaba ɗaya. Mu ma nan lafiya lau, Mama na gaishe ki.

Yaya, ni ce na ɗauke naira ɗarin Kaka. Wata bakwai ke nan, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Sau huɗu ina rubuta wannan layin ina yage takardar. Ba zan iya faɗa maki a waya ba, kin san wayar Mama, in aka kira ki har maƙwabta sai sun ji. Shi ya sa na ba Inna Hajo ta kawo maki in ta je sarin kayanta.

Bari in fara daga farko, don lokacin hankalinki na kan kayan ɗaki, ba lallai kin lura ba.

Ƙarshen bara Baffa Muttaka ya biyo daga banki ya kawo wa Kaka sabuwar naira ɗari, wadda aka buga don tunawa da cikar ƙasar nan shekara ɗari da haɗewa. Lokacin ko a kasuwa ba ta fara yawo ba. Ina zaure ina wanke wa Kaka alluna. Baffa ya zauna yana nuna mashi abubuwan da aka sa don kada a yi jabunta. Ya ɗaga ta sama ya ce akwai hoto ɓoye cikin takardar, sai an saita haske ake ganinsa. Ya kama babban yatsan Kaka ya goga a gefe, ya ce layukan nan masu tudu-tudu don makafi aka yi su. Ya juya bayanta, inda masu rawa suke, ya nuna wani ɗan murabba'i mai ɗige-ɗige, ya ce in an haska shi da waya tarihin ƙasa yake buɗewa.

Kaka ya kawo ta dab da hancinsa ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce, "To ina rubutun?"

Baffa ya ce, "Wane rubutu, Baba?"

"Wanda nake karantawa. Ajamin."

"An cire shi, an sa da boko."

Kaka ya ce, "Ashe shekara ɗarin ba da mu aka yi ta ba."

Ya jawo tawada da alƙalami ya rubuta naira ɗari da ajami, ɗan ƙarami, a kusurwa. Baffa ya ce ai ba a rubutu a jikin kuɗi. Kaka ya ce, "Ku na banki ne ba ku yi."

Amma abin da ya kama zuciyarsa shi ne tambarin nan mai walƙiya, mai kama da munduwa, wanda in ka karkata takardar wani haske ke gudu a cikinsa sama da ƙasa. Ya karkata ta wajen ƙofa sai ya yi dariya, ya ce, "Wannan kam na gan shi. Ga shi yana gudu kamar ƙadangare bisa katanga."

Kin san likita ya ce yanar ido ce ta fara rufe mashi gani, kuma aikin ba wuya, an sa mashi rana cikin watan Mayu. Kin kuma san yadda yake tsoron wuƙar asibiti. A ranar ya yanke wa kansa hukunci gabanmu. Ya ce muddin yana ganin hasken nan na gudu, akwai abin da za a ceto, zai je. Ranar da ya ɗauke kuwa, kada wanda ya kai shi a yanka mashi ido a banza. Baffa ya sa mashi ita cikin 'yar leda mai haske don kada ta yi datti. Kullum da hantsi, in rana ta shigo zaure, sai ya ciro ta daga gafaka ya karkata, ya ce mani, "Amarya, yau ma mijinki bai makance ba, kada ki fara neman wani."

Sai bikinki ya zo.

Ranar kamu ƙawayenki na GRA suka zo da bandir-bandir na sababbin kuɗi, ko lanƙwasa babu. Ni kuma abin da ke hannuna tsohuwar ɗari ɗaya ce, ta yi laushi kamar tsumma, tana warin daddawa. A littattafan da nake karantawa, ƙanwar amarya takan fito tsakiyar fili a hankali, kowa ya yi shiru, ta ɗora wa yayarta sabuwar takarda a goshi, su kalli juna hawaye na zuba. Tun ina aji ɗaya nake shirya wannan fitar a raina. Ni da ko gaisuwa a gaban baƙi sai muryata ta maƙale.

Na ce a raina ai ɗari ɗari ce, ba sata ba ce, musanya ce. Na shafa wa tawa ruwa, na goge ta da dutsen guga har ta miƙe, na sa ta cikin ledar Kaka lokacin yana masallaci, na ɗauke sabuwar. Niyyata in na liƙa maki ta faɗi ƙasa in tsince abata in mayar kafin gari ya waye. Na fito, na liƙa. Kafin in sunkuya mata sun rufe wurin, masu tsince kuɗi sun share komai cikin jaka.

Washegari da hantsi Kaka ya ciro ledar. Ya karkata. Ya sake karkatawa. Ya tashi ya matsa bakin ƙofa, sannan ya fita har kan titi ya tsaya cikin rana. Ya dawo ya ce, "Amarya, rana ta fito sosai kuwa?" Na ce ta fito. Ya ce, "To." Ya mayar da ledar cikin gafaka ya ɗaure.

Ina tsaye da allo a hannuna, Yaya. Kalma uku ce za ta raba gardama, amma bakina ya ƙi buɗewa. Na ce gobe. Goben nan ce har yau.

Ranar asibiti ta zo ya ƙi zuwa. Baba ya yi magana, Baffa ya yi, har limamin unguwa aka ɗauko, ya ce shi ya gama magana tun farko. Yanzu ya daina biya wa kowa karatu daga littafi sai da ka, kuma da bango yake dafawa in zai je alwala. Baffa ya sake samo mashi rana, Alhamis 19 ga wannan wata. Kaka ya ce a ba wani.

Don Allah ko kin san inda kuɗin kamun nan suka shiga? Kuma me zan yi? Kada ki faɗa wa Yaya Kabiru, ba zan iya sake haɗa ido da shi ba.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki,
Rashida.

*

Malumfashi.
Laraba, 11 ga Nuwamba.

Rashida,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, ina fatan kuna lafiya. Ki gaishe da Mama da Baba, ki gaishe mani da tsohon mijina.

Ke dai littattafan nan sun gama da ke. Shafi shida kika cika kafin in gane abin da kike so, Inna Hajo na tsaye a kaina tana cewa mota za ta tashi. Wa ya ce maki ana duba tsufan kuɗi a wurin kamu? Da kin liƙa mani tsummar taki, wallahi da haka zan ji daɗinta.

To buɗe ɗayar ambulan ɗin. Ga abarki nan.

Ba ta shiga jakar kowa ba. Da kika ɗora mani ita ba ta faɗi ƙasa ba, cikin mayafina ta zame. Da aka kai ni ɗaki na warware sai na gan ta, na ga rubutun Kaka a kusurwa. Na ɗauka shi ne ya ba ki ya ce ki liƙa mani, tunda ba ya shiga taron mata. Kuka na yi sosai a ranar, na ce duba tsohon nan, abin da ya fi so ya ba ni. Na sa ta ƙarƙashin faranti a kabet, in kewar gida ta taso in ɗauko in duba. Har sau biyu na so in yi mashi godiya in na zo, kunya ta hana ni, don shi bai tayar da maganar ba. Da na yi godiyar nan da tuni an gano. Kin ga ashe ba ke kaɗai ce bakinki ya yi nauyi ba.

Tabon da za ki gani a jikinta hodata ce, na gwada gogewa ta ƙi fita. Bai taɓa wurin walƙiyar ba, na duba, tana gudu lafiya lau.

Ga shawarata. Kada ki tara wa kanki jama'a. Kin san Baba, in ya ji, maganar ba za ta tsaya a zaure ba, kuma littattafan nan naki na ƙarƙashin katifa wuta za su sha. Yadda kika ciro ta a ɓoye, haka za ki mayar. Sannan ki lallaɓa shi ya sake dubawa, ke kaɗai ce yake jin maganarki. In ya ga ƙadangarensa ya dawo zai ce Allah ne ya dawo mashi da gani, ya shiga motar Baffa da ƙafarsa. Shi ke nan, kowa ya huta, ba wanda ya ji kunya.

Ki daina kuka a kan takarda kuma, rabin shafi na biyar ban iya karantawa ba.

Sai na ji daga gare ki.
Yayarki,
Rahama.

*

Ƙofar Guga.
Lahadi, 15 ga Nuwamba.

Yaya Rahama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fatan kin tashi lafiya. Saƙo ya iso, na gode, Allah ya bar zumunci. Da na buɗe ambulan na ga rubutun Kaka sai da na zauna a ƙasa.

Na yi yadda kika ce. Ranar Juma'a da Baba ya riƙe hannunsa suka tafi masallaci, na kwance gafakar. Ƙullin ya yi tauri, alamar tun ranar nan ba a taɓa shi ba. Tsohuwar ɗarina na nan cikin leda a miƙe, kamar tana jirana. Na cire ta na sa ta gaskiyar.

Jiya da hantsi na kai mashi kunu. Na zauna ina ta juya maganar, har ya ce, "Amarya, yau kuma wane laifi na yi ake zaune mani shiru?"

Na ce, "Kaka, ka daɗe ba ka duba takardarka ba."

Ya ce, "Wanda ya rufe shago ba ya komawa yana leƙa ƙofa."

Na ce, "Don ni. Sau ɗaya."

Ya ce, "Kin samu wani saurayin ne, kike son shaidar na makance ki kai wa alƙali?" Ya yi dariya, amma ya miƙa hannu na ba shi gafakar.

Yaya, rana ta shigo zauren har kan tabarmarsa. Ya ciro ledar ya karkata. Ina gefensa, na ga hasken ya taso daga ƙasan munduwar ya gudu sama, ya dawo, tar kamar ranar da aka kawo ta. Ina jira ya yi dariyar nan. Ya karkata hagu, ya karkata dama. Fuskarsa ba ta motsa ba.

Ya ce, "Kin gani ko? Ba kowa a gidan."

Na ce ya ƙara matsowa wajen haske. Ya matso don kada ya ɓata mani rai. Ya ce yana ganin inda ƙofa take, fari-fari, yana kuma ganin inuwata in na gitta. Ban da wannan babu.

Wata bakwai da suka wuce idonsa na gani, takardar ce ta ƙarya. Yanzu takardar ta gaskiya ce, idon ne ya tafi. Ni na ci mashi watannin nan, ina kallo, ina kai mashi kunu kullum.

Sai ya faɗi abin da ya sa na rubuto maki yau ban jira Inna Hajo ba, zan ba direban tasha. Ya ce, "Kin san abin da ya sa na ƙi bin Muttaka? Da a hankali abin ya tafi, da na ce ciwo ne, ciwo kuwa ana kai shi asibiti. Amma jiya ina gani, yau babu, ko alama. Wannan ba ciwo ba ne, karɓa aka yi. Wanda ya bayar ya karɓi abinsa, ni wane ne da zan aika likita ya je ya ƙwato?"

Kin ji. Duk ƙin da yake yi a kan safiyar nan ɗaya ya gina shi, safiyar da na ƙirƙira da dutsen guga.

Da yamma Baffa ya zo. Na raka shi bakin mota, abin da ban taɓa yi ba, har ya tambaye ni ko lafiya. Na ce, in mutum ya kai yadda Kaka ya kai, aikin zai yi amfani? Ya ce likita ya gaya mashi muddin yana bambance haske da duhu akwai fata, sai dai duk daɗewar da aka yi yanar na ƙara tauri, aikin na ƙara wuya. Ya ce wannan ne karo na biyu da ya roƙi a sa sunansa, ba ya jin yana da fuskar roƙo na uku. Ranar Alhamis zai zo da mota bayan sallar asuba, in Kaka ya ƙi, ya haƙura.

A littafi, in an zo irin wannan wurin, wani ne ke shigowa ya tona asiri, ko a tsinci wasiƙa a ƙarƙashin filo. Na jira tun jiya, Yaya, ba wanda ya shigo.

Ki gaishe da Yaya Kabiru.
Ƙanwarki,
Rashida.

*

Malumfashi.
Talata, 17 ga Nuwamba.

Rashida ƙanwata,

Wa alaikumus salam, ina gaishe ku duka.

Shawarar da na ba ki ba ta da kyau, ki yafe mani. Ni ina neman yadda za ki tsira daga faɗan Baba, na manta ba ke ce ke dafa bango ba.

Na so in zo mu faɗa tare, amma Kabiru na Funtuwa sai Juma'a, kuma a halin da nake ciki surukata ba za ta bar ni in hau motar haya ni kaɗai ba. Wannan ma wani labari ne, Mama kaɗai ta sani, yanzu ke ta biyu. Ina so tsohon nan ya ga abin da zan haifa da idonsa, ba a ɗora mashi a cinya a ce ga kamanninsa ba.

Ki faɗa mashi kafin Alhamis. Shi za ki fara faɗa wa, ba Baba ba, ba Baffa ba. Ki ce da ni a ciki, wata bakwai tana kabet ɗina. Ban san ko zai yarda ya je ba, kin san shi in ya kafe. Ban kuma san ko zai ci gaba da kiranki amarya ba. Ba zan yi maki ƙarya a kan wannan ba.

Na san bakinki. In kin tsaya gabansa za ki ce kunu ya huce ne kawai ki fita. Tunda a takarda kika iya magana, rubuta. Kada ki yi shafi shida.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya.
Yayarki,
Rahama.

*

Laraba, 18 ga Nuwamba.

Zuwa ga Kakana, Malam Shehu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Da ajami na rubuta, wanda ka koya mani, don shi ne rubutun da ka ce naka ne. Ka yi haƙuri da hannuna, ya karkace.

Kaka, safiyar da ka fita har kan titi da takardarka ba ka ga hasken ba, ba idonka ne ya tafi ba. Ni na canza ta. Na ɗauki taka na liƙa wa Yaya Rahama ranar kamu don in burge mutane, na sa maka tsohuwar ɗari wadda ba ta da walƙiya tun asali. Ko mai ido huɗu ne ya karkata ta ba zai ga komai ba. Ka tambaye ni ko rana ta fito, na ce ta fito, na yi shiru a kan sauran.

Ba rana ɗaya aka karɓa ba, Kaka. A hankali ya tafi, cikin watannin da na yi ina tsoro. Kai da bakinka ka ce abin da ke tafiya a hankali ciwo ne, ciwo kuwa ana kai shi asibiti.

Ba sai ka yarda da maganata ba. Na sa takardun biyu a cikin wannan wasiƙa, babu leda. Ka goga babban yatsanka a gefensu yadda Baffa ya nuna maka. Ɗaya tana da layuka masu tudu, ita ce taka, rubutunka na kusurwarta. Ɗayar sumul take, ita ka riƙe a safiyar nan.

Ban roƙe ka ka yafe mani yau ba. Abin da nake roƙo, gobe in motar Baffa ta tsaya a ƙofa ka shiga. In ka dawo kana gani ka ce ba ka son ganina, zan riƙa ajiye kunun a bakin zaure in koma.

Sai da na kai nan na tuna ba za ka iya karantawa ba. Dole wani ya karanta maka, kuma a gidan nan ba mai karanta ajami sai ni da kai. Na so in yage, na fasa. Zan sa maka ita a hannu. In ka ce, "Amarya, mene ne wannan?" zan zauna in karanta tun daga sallama har ƙarshe, ko muryata ta maƙale zan sake farawa.

Ga hantsi ya shigo, na ji ka gyara murya a zaure kana tambayar Mama ina na shiga. Ga ni nan tafe.

Jikarka,
Rashida.